Wa ke da littafi kan Pat Garrett?

Auwalu: Assalamu alaikum 'yan zaure. Jiya na sake kallon fim ɗin kaboyin nan na 1973 da James Coburn ya fito a Pat Garrett, sherif ɗin nan (shugaban 'yan sandan gunduma a Amurka) da ya harbe ɗan ta'adda Billy the Kid. Ina neman littafin da ya kawo labarinsa na gaskiya, musamman yadda ya mutu.

Malam Sabo: Wa'alaikumussalam. Nemi na Leon Metz, na 1974. Tun daga haihuwarsa a Alabama a 1850 ya ɗauko.

Baba Ɗanjuma: Auwalu ɗana, kada ka yi irin wautar da na yi. Bara na tura wa wani mai sayar da littattafai a intanet kuɗin wanda ya fito da sunan Garrett ɗin kansa a 1882. Wata biyu ina jira, da ya iso ashe fotokwafi ne, shafuka sun yi tsalle, na kira mutumin har na gaji. Abin da ya fi ƙona mini rai, littafin ma kan Billy the Kid ne, kuma abokinsa ɗan jarida Ash Upson ne ya rubuta mafi yawansa, ya zuba gishiri son ransa. Labarin bai wuce harbin Billy ba, daren 14 ga Yuli 1881, a ɗakin Pete Maxwell a Fort Sumner. Alhali Garrett ya ƙara shekara 26 a duniya. Ya sake riƙe sherif a gundumar Doña Ana, Shugaban Amurka Theodore Roosevelt ya naɗa shi kan kwastan na El Paso a 1901, wa'adi ya cika bai sabunta masa ba. Ya koma gonar kiwonsa, bashi ya yi masa katutu.

Ummi: Allah ya mayar da alheri, Baba. Nawa ka biya?

Baba Ɗanjuma: Bar tone-tone, 'yata.

Nazifi: Ni fa ban ga abin karantawa a kan maci amana ba. Abokinsa Billy ya harbe cikin duhu.

Malam Sabo: Abokin da ya kashe masu gadinsa biyu ya tsere daga kurkukun Lincoln? Fim ya cika maka kai, Nazifi.

Nazifi: To Malam, ai shi ma Garrett ɗin bai mutu a gado ba.

Ummi: Wai da gaske kan awaki aka kashe shi?

Malam Sabo: Tushen rigimar ke nan. An ba wani Wayne Brazel hayar filinsa, ya cika shi da awaki, Garrett kuwa mai shanu ne, ya ce bai san zance ba. Ranar 29 ga Fabrairu 1908 aka harbe shi a hanyar Las Cruces, harsashi biyu, ɗaya ta ƙeya. Brazel ya miƙa kansa ya ce kare kai ya yi, kotu ta sallame shi a 1909.

Ummi: Kare kai ta ƙeya? Ikon Allah!

Nazifi: Wanda ya gama da Billy, akuya ta gama da shi.

Auwalu: To yanzu na Metz ɗin a ina zan samu?

Baba Ɗanjuma: Ko'ina, ban da wajen mutumina.

Ummi: Yaya Auwalu, fim ɗin naka mai fassarar Hausa ne? In shi ne turo mini.