Neman shawara: wayar naɗin duwatsu tana karyewa, tana kuma bar wa fata kore

Maman Nana, unguwar Ali Ɗan Sofo: Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina sana'ar haɗa ƴan kunne da awarwaro da sarƙar wuya a gida, inda nake naɗa waya a jikin duwatsun ado maimakon in zura su a zare, kuma alhamdu lillahi masu haɗa lefe da ƙawayen amarya suna saye. Abu biyu ne suka hana ni sakat. Wayar tana karyewa daidai wuyan dutsen, wani lokaci tun ina cikin naɗi, wani lokaci bayan kaya sun je hannun mai su. Sannan tun da bazara ta kama, wasu sun dawo suna nuna mini koren zane a wuyan hannu, ɗaya kuma ta ce hujin kunnenta yana ƙaiƙayi har ya kumbura. A kasuwa nake sayen wayar, mai ruwan zinariya ce, wanda yake sayar mini kuwa bai san ko wane ƙarfe ba ne. An ba ni aikin wani biki bayan Sallah, don Allah a taimaka mini kafin in ji kunya.

Baba Maƙerin Fari, Bagalam: Wa alaikumus salam ƴata. Kafin komai, ki san ƙarfen da yake hannunki, domin launin waje ba ya shaida. Ki goga bakin wayar da magagari: idan cikinta ja ne, jan ƙarfe ne aka yi wa ruwan zinariya, idan rawaya ne har ciki, tagulla ce, wato haɗin jan ƙarfe da tutiya. Ki kuma kara mata maganaɗisu, domin ba ya kama jan ƙarfe ko tagulla ko azurfa, idan ya kama to baƙin ƙarfe ne aka yi wa ado.

Batun karyewa kuwa, ɗabi'ar jan ƙarfe ce cewa duk lokacin da aka lanƙwasa shi sai ya ƙara tauri a wurin, don haka idan kin lanƙwasa, kin miƙe, kin sake lanƙwasawa a wuri guda, kin riga kin gajiyar da shi ko da bai nuna ba. Mu a maƙera idan waya ta yi tauri sai mu sa ta a garwashi har ta fara ja kaɗan, mu tsoma ta a ruwa, ta dawo da taushinta, mu wanke baƙin da lemon tsami da gishiri ko jiƙon tsamiya. Amma zallar jan ƙarfe ake yi wa haka, mai ruwan zinariya wuta za ta cinye mata launi. Kuma kada waya ɗaya ta yi miki kowane aiki. Ta gindi, wadda take ɗaukar nauyin dutse, ta kasance milimita 0.8 zuwa 1, ta naɗi kuma siririya kamar milimita 0.4. Idan kin gama siffanta gindin, ki ɗan bubbuga shi da ƙaramar guduma a kan ƙarfe mai santsi, taurin nan da yake cutar ki a wurin lanƙwasa shi ne zai riƙe miki siffar.

Malama mai aikin jinya, Zariya: Ƙanwata, ki raba koren nan da ƙaiƙayin, ba abu ɗaya ba ne. Kore yana fitowa ne idan gumi, da gishirin da yake cikinsa, ya haɗu da jan ƙarfe, shi ya sa ya tsananta a wannan zafi. Sabulu yana wanke shi, kuma galibi ba ya cutarwa. Ƙaiƙayi da kumburi kuwa yawanci daga wani ƙarfe ne da ake kira nikel, wanda ake yawan sawa a kayan ado masu araha, jikin wasu kuma ba ya karɓarsa. Ki ce wa baiwar Allahn nan ta cire ɗan kunnen har hujin ya warke, idan yana fitar da mugunya ta je likita.

Wani mai gyaran lantarki, Sabon Gari: Anti, wayar da muke naɗin injin fanka da ita jan ƙarfe ce mai rufi a jikinta, akwai sirara iri-iri, kuma muddin rufin bai kankare ba, ba ta shafa wa fata kore. Sai dai haƙoran filaya suna kankare shi, don haka ki naɗe bakin filayar da salatif. Wasu kuma suna shafa wa kayan man farce marar launi.

Hajiya Babba, Mokoyo: Ɗana, ban yarda da batun man farcen nan ba sai dai a matsayin dabarar wucin gadi, domin a wuyan hannun macen da take wanke-wanke da alwala ba ya daɗewa yake ɓarewa, sai ƙorafi ya dawo sabo. Maman Nana, abin da yake shiga cikin huji ki yi shi da azurfa, ki huta. Maƙeran Buzaye irin masu ƙera kayan Agadas suna iya ja miki wayar azurfa, ta kanti kuma ki nemi mai lamba 925, wato kashi 92.5 cikin ɗari azurfa ce. Kuɗin zai ƙaru, amma ki yi kaya kashi biyu, ki gaya wa mai saye gaskiyar kowanne, ta zaɓa da kanta.

Ki duba duwatsun ma. Na sha saro su a Kasuwar Kurmi ta Kano, kuma na gilashi da na dutsen tsakiya sukan zo da baki mai kaifi wanda yake cin waya a hankali, abin da na roba ba sa yi. Ki sa ɗan ƙaramin dutse mai santsi sama da ƙasa, sannan idan kin yi ƙawanya kada ki bar bakinta a sake, ki naɗe jelar sau biyu ko uku a wuyan wayar, ki datse, ki danne tsinin don kada ya ja wa mutane mayafi.

Maman Nana: Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Baba, na goga wayar, cikinta ja ne, amma ƙugiyoyin kunne da nake saye haɗaɗɗu maganaɗisu ya kama su. Yaya zan yi da ragowar wayar, ga ta da yawa?

Baba Maƙerin Fari: Kada ki zubar, ƴata. Ki yi mariƙin makulli da adon jaka da ita, da ɓangaren ɗan kunne mai lilo wanda ba ya kwanciya a fata. Ƙugiyoyin ne kawai za ki daina sa wa mutane. Idan za ki je wurin mai azurfa, ki tafi da dutsen da ya fi ƙanƙantar huji a cikin kayanki, a gwada wayar a gabanki kafin ki biya.