Tsadar waya da kwamfuta a arewacin Kamaru: kuɗin duwan a kan wa yake faɗawa?

Wata malamar makaranta daga Garwa ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga waɗanda suka san harkar shigo da kaya. Iyayen yara a makarantarmu sun haɗa kuɗi domin a saya wa ɗalibai 'yan kwamfutoci, aka ɗora mini nauyin bin kasuwa in ji farashi. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, kwamfuta iri ɗaya ta kamfani ɗaya tana da farashi biyu masu nisa da juna: mai ba da rasit da garanti ya ce kuɗin duwan, wato kwastan, ne ya ɗaga nasa, ɗayan kuwa ya yi sauƙi amma ya ce kada in tambaye shi takarda. Shin nawa gwamnati take karɓa a kan irin wannan kaya? Tunda kuma ba mu ƙera waya ko kwamfuta a ƙasar nan, wa ake karewa da wannan tsanani?

Amsar wani mai shagon waya a Marwa:

Wa alaikumus salam, Malama. Tambayarki ta biyu ita ce muke yi wa junanmu kullum a kasuwa, domin idan an ɗora haraji mai nauyi a kan sukari ko siminti ko atamfa, ana iya cewa ana kare masana'antar gida ne, amma waya ba ta da masana'antar da za a kare. Saboda haka magana ce ta kuɗin shiga, kuma hukumar duwan ba ta ɓoye hakan ba. A shekarar 2020 ta bayyana cewa abin da take samu daga wayoyi ya faɗo daga kusan sefa biliyan 2 a wata a shekarun 2000 zuwa ƙasa da miliyan 100, alhali wayoyin da ke hannun jama'a ƙaruwa suke yi. Wato kayan suna shigowa, ta ƙofar duwan ne kawai ba sa bi.

Maganin da aka fito da shi a lokacin, na tabbata ba ki manta ba. An shirya cewa daga ranar 15 ga Oktoba 2020 duk sabuwar waya da aka sa wa layi za a caje ta kashi 33 cikin ɗari na ƙimarta, a cire daga katin da mai ita ya sa, ko dai a dunƙule ko kuma rabin kashi ɗaya cikin ɗari kowace rana. Wayar sefa 100,000 ke nan ta jawo wa mai ita bashin 33,000, ko da kuwa bai taɓa ganin bakin iyaka ba. Jama'a suka yi ca a Twitter da Facebook, cikin 'yan kwanaki Shugaba Paul Biya ya ba da umarni a dakatar. Daga baya dokar kasafin kuɗi ta 2023 ta mayar da nauyin biya kan mai shigo da kaya, tare da tsarin gane kowace waya ta lambar shaidarta da ake kira IMEI.

A takarda wannan ya fi adalci, amma ki lura da inda kuɗin yake sauka. Ni da nake sayen kaya daga dillalin da ya biya duwan a Duwala, dole in ɗora abin da ya biya a kan farashina, sannan ga harajin saye na kashi 19.25 cikin ɗari, ga kuɗin mota tun daga kudu har nan. Maƙwabcina kuwa kayansa a bayan babur suke zuwa daga wajen Mubi, an cire wayoyin daga kwalayensu an jera su cikin jakar baya, kwalayen kuma su biyo daban a ninke. Mai saye ya shigo wurina ya ji farashi, ya taka ƙafa goma ya ji na maƙwabcina, to me zan ce masa? Shi ya sa da yawa daga cikinmu suke raba ƙafa, rabin kanta mai takarda ne saboda ranar da jami'ai za su zo bincike, rabin kuma wanda ake cin abinci da shi.

Amsar wani mai aikin fitar da kaya daga tashar jiragen ruwa, mazaunin Ngaundare:

Alhaji mai shagon waya ya faɗi gaskiya a kan abin da ya shafi shago, sai dai ban yarda a jingina wa duwan dukkan tsadar ba. Harajin shigo da kaya ba Kamaru ce kaɗai ta tsara shi ba, na ƙasashen CEMAC ne gaba ɗaya, wato ƙungiyar tattalin arzikin ƙasashen tsakiyar Afirka, kuma matakai ne daban-daban, gwargwadon rukunin da kaya ya faɗa. Don haka, Malama, abin da ake karɓa a kan kwamfuta ba lalle ya zama daidai da na talabijin ko firji ba, kuma duk mai shagon da ya ce miki rabin farashinsa duwan ne, ki nemi ya nuna miki takardar fito.

Abin da ya fi cin ƙaramin ɗan kasuwa, a ganina, lokaci ne da takardu. Tun 2016 akwai tsarin PECAE na hukumar kula da ingancin kaya, ANOR, wanda ya wajabta a duba kaya a ba su shaidar inganci tun a ƙasar da za a ɗauko su. Na'urorin sadarwa kuma suna bukatar amincewar hukumar kula da sadarwa, ART. Sannan dokar canjin kuɗi ta babban bankin BEAC, wadda ta fara aiki a 2019, ta ce duk odar da ta kai sefa miliyan 5 sai an bi da ita ta banki da cikakkun takardu. Babban kamfani yana da ma'aikatan da wannan ne aikinsu, kuma yana raba kuɗin a kan kwantena guda. Mai odar kwali ashirin kuwa shi kaɗai zai yi ta zirga-zirga, jarinsa yana kwance, kuɗin ajiya a tasha yana hawa. A ƙarshe ƙananan sukan haƙura da yin oda da kansu, su koma saye a hannun manya biyu ko uku, kuma inda masu sayarwa suka yi kaɗan farashi ba ya sauka.

Duk da haka ba na cikin masu cewa a buɗe ƙofa kowa ya shigo da abin da ya ga dama. Caja marar inganci tana kashe waya, tana iya tayar da gobara, kuma tsofaffin kwamfutoci da firji da ake kwasowa daga Turai wasu sun riga sun mutu, juji kawai ake mayar da mu.

Amsar wani ɗan kasuwa a Kuseri:

Ina so in ƙara abin da muke gani a nan bakin gadar Ngeli, inda kogin Logon ne kaɗai ya raba mu da Injamena. A watan Janairu 2022 gwamnatin Cadi ta ɗauki hanyar da ta saba wa tamu: ministan kuɗi Tahir Hamid Nguilin ya sa hannu a kan dokar da ta yafe harajin shigo da wayoyi da kwamfutoci da na'urorin haɗa intanet har tsawon shekara biyar, da nufin su yi araha jama'a su samu. Ƙasashe biyu masu kuɗi ɗaya, a cikin ƙungiya ɗaya, ɗaya tana neman kashi uku cikin goma da ɗoriya, ɗaya ta yafe. Ba sai an yi dogon lissafi ba kafin a gane ta wane ɓangaren gada kaya zai so ya biyo.

Wani abin kuma, yawancin kayan Cadi ta Duwala suke sauka, su ratsa Ngaundare da Garwa da Marwa kafin su ƙetare, shi ya sa duwan take liƙa wa motocin na'urar bin sawu don kada kayan su sauka a hanya. Ta yamma kuma ga Najeriya, wadda darajar naira ta faɗi sosai tun Yunin 2023, yayin da sefa take ɗaure da yuro a kan 655.957, abin da ya ƙara wa mai riƙe da sefa ƙarfin saye a kasuwannin can. Yankin da yake tsakanin waɗannan iyakoki biyu, ko an ƙara yawan jami'an farmakin Halcomi na yaƙi da fasa-ƙwauri, ba a iya toshe shi da shinge. Abin da ƙarin shinge yake haifarwa shi ne ƙarin kuɗin hanya, wanda shi ma mai saye ne yake biya, kuma ba ya shiga baitulmali. Ni dai a ra'ayina, da an sauko da harajin zuwa abin da ɗan kasuwa zai ga biyansa ya fi masa sauƙi a kan kasadar daji, da gwamnati ta fi samu.

Amsar wani mai gyaran waya da kwamfuta a Garwa:

Malama, manya sun yi bayanin doka, ni zan tsaya a kan abin da yake zuwa teburina. Idan sabon kaya ya yi tsada, mutane suna komawa na hannu da gyara, amma gilashin waya da batir da sauran kayan gyara su ma shigo da su ake yi, don haka mu ma tsadar tana binmu. Sau da yawa akan kawo mini kwamfutar da aka sayar a matsayin sabuwa, in kwance ta in tarar da ƙura a fanka, batirin ya kumbura, alamar ta yi shekaru tana aiki a wani ofishi kafin a goge ta a sa a leda. Wanda ya saya ba shi da rasit, ba shi da inda zai kai ƙara.

Tunda kuɗin na iyayen yara ne kuma za a tambaye ki lissafi, shawarata ki sayi mai takarda ko da adadin zai ragu. Ki sa a rubuta lambar jikin kowace kwamfuta a kan rasit, a rubuta watannin garanti da kuma wanda zai ɗauki nauyin gyara. Ki tafi da wanda ya san aikin ya kunna ta a gabanki, ya duba lafiyar batir da ma'ajiyar bayanai kafin ki biya. Idan kuma akwai waya a cikin sayayyar, a danna *#06# a gwada lambar da ta fito da wadda take jikin kwali. Ki ware wani abu daga kuɗin domin na'urar daidaita wuta, saboda yadda lantarki yake ɗaukewa yana dawowa da ƙarfi a garin nan.