Keke a kan tsohon layin dogo: wane shiri ake yi?

Ɗan Yantala: Assalamu alaikum, ƴan'uwa na Yamai. A Faransa akwai hanyoyin jirgin ƙasa da aka cire ƙarafunansu, aka mayar da su na keke, mota ba ta shiga. Wane keke ya dace, kuma me ake ɗauka?

Bakanike: Wa alaikumus salam, Malam. Jirgi ba ya hawan tudu mai tsini, shi ya sa gangaren da wuya ya wuce mita 2 ko 3 cikin 100, ba sai keke mai giya da yawa ba. Taya ce magana. Sa mai faɗin milimita 35 zuwa 40, iska bar 3 zuwa 4 (bar ma'aunin ƙarfin iskar taya ne). In ka cika ta tam, tana santsi a kan tsakuwa. In ta yi laushi, bakin ƙarfen da taya ke kai ya datse tiyub, huda biyu lokaci guda. Ɗauki tiyub 2, faci, famfo da fitila. Kaya kada su wuce kilo 15, a raba su dama da hagu, don nauyin gefe guda yana karkatar da keke.

Hajiyar Tawa: Ɗana, ka fara da hanyar garin Givry zuwa garin Cluny, kilomita 44, kwalta ce, an buɗe ta a 1997. Bayan Cluny akwai ramin Bois Clair da ya huda dutse, kilomita 1,6, ga sanyi ko da zafi ake yi. Ana rufe shi lokacin hunturu saboda jemagu, sai a zagaya ta tudu mai wuya.

Bakanike: Gaskiya ne, Hajiya. A kuma rage gudu inda hanyar ta ratsa titin mota, akwai shingen ƙarfe matsattse, jakunkunan gefe suna maƙalewa.