Sauyin dokar kamfani: yaushe labarin ya iso muku a Damagaram?

Mai kayan gini, Sabon Gari
Salamu alaikum 'yan uwa. Ni da yayana mun kafa kamfanin SARL (kamfani mai iyakantaccen alhaki) a 2012, lokacin da sai ka ajiye jarin sefa miliyan 1 kuma ka bi ta hannun notar (jami'in shari'a mai tabbatar da takardu). Ashe a Janairun 2014 ƙasashe 17 na OHADA (ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka), har da Nijar, sun sabunta dokar kamfanoni a Wagadugu. Ta fara aiki 5 ga Mayun shekarar, aka ba tsofaffin kamfanoni shekara 2 su gyara kundin kafuwarsu. Wallahi ban ji ba. Sai a 2017 da na je neman bashi, ma'aikacin banki ya buɗe takardunmu da suka sha ƙura a cikin leda, ya ce na tsohuwar doka ne, duk sharaɗin da ya saɓa wa sabuwa kamar ba a rubuta shi ba. Wata biyu na yi ina zirga-zirga, damina ta wuce ban saro siminti ba. Ku fa, yaya ta kasance muku?

Mai ƙungiyar man gyaɗa, Matamaye
Alhaji, sannu da haƙuri. Mu mata tamu ta riga taku zuwa. Dokar ƙungiyoyin haɗin gwiwa tun Disambar 2010 aka amince da ita a Lome, ta fara aiki a 2011. Mu 23 ne, muna da tsohuwar takardar amincewa muna ta alfahari da ita. Ranar da masu tallafi za su ba mu injin matsar mai suka ce sai mun koma SCOOPS, wato ƙungiyar haɗin gwiwa mai sauƙin tsari ta sabuwar dokar. Muka zauna a zauren shugabarmu, ɗiyata tana karanta faransanci tana juya mana da Hausa, layi bayan layi, har fitilar waya ta mutu. Abin da ya fi mana wuya shi ne kwamitin sa ido. Yaya za ka ce wa gyatumar da ta riƙe asusu shekara 10 yanzu za a riƙa duba littafinta? Ta yi fushi na mako guda. Amma yau ita ke fara miƙo littafin.

Akanta, Zango
Hajiya, kun yi ƙoƙari. Ni abin da ya dame ni, sauyin ba rana ɗaya ya zo ba, kuma kowane mataki da ranarsa. Sabon tsarin lissafi na SYSCOHADA ya hau kan kamfanoni 1 ga Janairun 2018, na rukunin kamfanoni kuma sai 2019. An yi haka don mutane su shirya. To amma bayanin yana tsayawa a Yamai, da faransanci. Na rufe lissafin mutum uku da ba su san lambobin asusu sun canza ba.

Mai gyaran waya, Kasuwar Dole
Ni dai sauyin alheri ya zame mini. Jarin kamfani ba ni da shi, amma doka ta tanadi matsayin ƙaramin ɗan kasuwa tun 2010, sanarwa kawai za ka yi a rajistar kasuwanci, wato RCCM. Da lambar RCCM da NIF (lambar haraji) na samu kwangilar gyaran kwamfutocin wata makaranta. A da sunan wani nake ara, yana yankar rabonsa.

Mai kayan gini, Sabon Gari
Allah ya ƙara buɗi, ƙanena. Malam akanta, tambaya gare ka: yayana ya rasu bara, magada 7 ne, kowa na son hannunsa a ciki. An ce mini SAS, wato kamfanin hannun jari mai sauƙin tsari da dokar 2014 ta kawo, ya fi sassauci wajen tsara shugabanci. Kafin mu je wurin notar, me ya kamata mu fara tattarawa?