Hasashe Hamsin da Ɗaya: Musayar Baitoci Kan Tim Palmer

Mai Tawada:

Assalamu alaikum 'yan zaure. Maudu'inmu na wannan mako Tim Palmer ne, masanin hasashen yanayi da teku. Abin da aka san shi da shi: maimakon kwamfuta ta lissafa yanayin gobe sau ɗaya, a sa ta lissafa sau da yawa, kowane da ɗan sauyi a mafarinsa, sannan a duba ko amsoshin sun haɗu ko sun watse. Kowa ya riƙe amsa-amonsa. Wanda zai kawo shekara ko adadi ya tabbatar tukuna.

Da sunan Mai sama zan fara,
Mai saukar da ruwa ba gazawa.

Tim Palmer na kawo zaure,
Ɗan Ingila ne, ku yi saurarawa.

A 1952 aka haife shi,
Lissafi ya runguma tun tasowa.

A Oxford ya yi digirin dokta,
Kan ƙa'idar Einstein mai wahalarwa.

Dennis Sciama ne malaminsa,
Shi ya yaye masani Stephen Hawking tun farawa.

Hawking ya kira shi Cambridge aiki,
Ya gode masa, ya zaɓi juyawa.

Ya bar taurari ya kama girgije,
A 1977 ya yi sauyawa.

Ofishin yanayi na Birtaniya,
Nan ya shiga aikin aunawa.

Manomin Tudu:

Allah gafarta Malam, na ji ka,
Amma zancen bai shige ni ba.

Mutum ya ba ka amsa hamsin,
Ai bai ba ka ko guda ba.

In an yi ruwa ya ce na faɗa,
In an hana, bai yi ƙarya ba.

Irina mudu biyu ne a hannu,
Ba na uku in bai tsira ba.

Ka ce mini shuka, ko kar ka shuka,
"Wataƙila" ba ta cika rumbu ba.

Kuma gaibu na Allah ne shi ɗaya,
Bai ba kwamfuta mabuɗi ba.

'Yar Maraɗi:

Baba, a gafarce ni in tanka,
Gaibu na Allah ne, haka ne sarai.

Palmer bai ce ya san gobe ba,
Rashin saninsa yake aunawa kawai.

Kafin shi an yi Edward Lorenz,
Ba'amurke ne, masani ƙwarai.

A 1961 yana lissafi,
Na iska, a kan injinsa shi kaɗai.

Ya so ya maimaita daga tsakiya,
Ya datse wutsiyar lamba kaɗan dai.

0.506127 ce ta asali,
Ya buga 0.506, ya ce daidai.

Ya fita shan kofi, da ya komo,
Yanayin wata biyu ya sauya sosai.

To duk ma'aunin da ke duniya,
Kuskure ɗan mitsitsi cikinsa akwai.

Ɗan kuskuren da ka raina yau ɗin,
Ya ƙasaita kafin kwana bakwai.

Ɗalibin Turai:

Anti ta kawo tushen zance,
Bari in faɗi abin da ya same su.

Oktoban 1987, daren 15,
Mutanen kudancin Ingila na barcinsu.

Hasashe guda aka ba su da yamma,
Bai nuna girman abin da ke jiransu.

Guguwa ta taso daga teku,
Ta yaye rufin gidajensu.

Mutum 18 suka rasa rai,
Bishiya miliyan 15 ta kwanta a ƙasarsu.

Palmer na cibiyar hasashen Turai a garin Reading,
Tun 1986 yake cikinsu.

Ya ce a daina rataya a amsa ɗaya,
A saki da yawa, a ga tafiyarsu.

Ƙarshen 1992 aka soma,
33 ne adadinsu.

Da kwamfuta ta ƙara ƙarfi,
A 1996, 51 ne jimlarsu.

Daga baya an sake lissafa daren nan na 1987 da sabon tsarin, sai ga wasu daga cikin amsoshin sun nuna muguwar guguwa tun ana saura kwanaki. Ba duka ba, wasu. Amma ko su kaɗai sun isa a ce wa mutane su ɗaure kayansu. Sannan a yi adalci: a ƙarshen shekarar nan ta 1992 Eugenia Kalnay da Zoltan Toth suka fara nasu a Amurka, da wata dabara daban.

Manomin Tudu:

Sannu ɗan makaranta, ka yi ƙoƙari,
Amma Ingila ba garinmu ba.

Bishiyarsu ta faɗi, Allah kyauta,
Ba ita ta ƙone mini gero ba.

Ni na ga farin 1984,
Ba labari aka ba ni ba.

Shanu na mutuwa bakin rijiya,
Ƙirgin ma bai yi kuɗi ba.

Baturen naku mai hamsin da ɗaya,
Ina ya shige bai leƙo mu ba?

Mai Tawada:

Alhaji, nan nake jiran ka zo.

Ya leƙo, Alhaji, ya leƙo,
Tun kafin Reading ya yi dubawa.

Bayan farin 1973,
Masana sun yi ta tattaunawa.

Jule Charney a 1975,
Ya ce ƙasa ce ta yi tuɓewa.

In ciyawa ta ƙare, fako ya yi fari,
Hasken rana sama zai komawa.

Iska ta sauko ta danne ƙasa,
Hadari ya gagara tasowa.

Sai jama'a suka nuna makiyaya,
Da masu gatari, suna zargawa.

A 1986 ga Folland,
Da Palmer da Parker sun yi fitowa.

Suka ɗauko ruwan Sahel na shekaru,
Tun 1901 suna jerawa.

Suka kwatanta da zafin tekuna,
Sai ga sawun biyu na haɗuwa.

In tekunan kudu sun fi na arewa ɗumi,
Damina takan kasa haurowa.

Ta tsaya can ƙasa ta bar mu da ƙura,
Katsina da Damagaram na bushewa.

Palmer ya sa kwamfuta ta gwada,
Teku ɗai-ɗai yana warewa.

Atlantika, Fasifik da na Indiya,
Kowanne da hannu cikin hanawa.

A mujallar Nature aikin ya fito. Ni a wurina ya fi na 1992 muhimmanci gare mu, domin ya sauke wa makiyayi da manomi babban kaso na laifin da aka jibga musu. Ban ce sare daji ba shi da illa ba, kada wani ya ɗauki gatari ya ce Mai Tawada ya ba da izini. Amma ruwan da ya ƙi zuwa a shekarun nan, daga teku aka fara riƙe shi.

Sarkin Ruwa:

Ku matsa, an zo fagen ruwa,
Nan Sarkin Ruwa ke da baki.

Iska mai saurin mantuwa ce,
Mako biyu ta sauya jiki.

Teku kuwa in ya ɗau zafi,
Watanni bai sakinsa da sauƙi.

Shi ya sa hasashen damina,
Sai da teku yake samun maki.

Akwai na'urorin Argo na yawo,
Kusan 4,000, abin mamaki.

Kowace ta nutse mita 2,000,
Ta auno gishiri da zafin ciki.

Kwana 10 ta taso, ta yi aike,
Ta tauraron ɗan'adam, ta koma aiki.

Palmer ya jagoranci shirin DEMETER,
Tsarin hasashe 7 ya tara a ɗaki.

Kowane da teku da iska haɗe,
Wani in ya kauce, wani ya ci maki.

Da shi aka gwada a Botswana,
A san shekarar sauro kafin ya yi biki.

Na Botswana a 2006 aka buga shi. Ruwa mai yawa shi ke jawo annobar zazzaɓin cizon sauro a can, to in an hango daminar tun da watanni, an samu sararin kai magani da gidan sauro.

'Yar Maraɗi:

Saura zancen "bai yi ƙarya ba",
Baba, ana kama shi sarai.

In ya ce kashi 70 za a yi ruwa,
A tara ranakun da ya ce haka kawai.

A ƙirga, cikin kowace goma,
Ya kamata a sami ruwa a bakwai.

In uku aka samu, ya sha ƙasa,
In goma ce ma, ya kauce wa daidai.

Ka aiki yara su dubo rafi,
In bakinsu ɗaya ne, ka sa kai.

In rabi sun ce ya cika ya batse,
Ka sauke kaya, ka dakata dai.

Mai mudu biyu da mai buhu goma,
Kasadarsu ta bambanta ƙwarai.

Lamba ɗaya za a karanta musu,
Kowa ya yanke wa kansa shi kaɗai.

Ɗalibin Turai:

Anti, kada mu yi wa Baba rufa-rufa, akwai inda yake da gaskiya.

Ruwan Turai shimfiɗa yake zuwa,
Kwamfutoci sun san halinsu.

Namu hadari ne mai tashin yamma,
Tsaunukan Jos da Ayar na haifarsu.

Su kwashi gudu su nufi yamma,
Su jiƙa wani gari, su bar maƙwabtansu.

Tsarin na yanka duniya gida-gida,
Kilomita 9 ne faɗinsu.

Girgijen da bai cika gida ɗaya ba,
Kintace ake yi a madadinsu.

Buizza da Miller da Palmer,
A 1998 suka kawo dabararsu.

Suka zuba ɗan canki cikin lissafin,
Don shakkar girgije ta fito a amsarsu.

Duk da haka a 2018,
Masana a Jamus sun fitar da bincikensu.

Hasashen ruwan kwana 1 zuwa 5,
A yankinmu, tsarin nan sun ji jikinsu.

In ba a yi musu gyaran ƙididdiga ba,
Tarihin ruwan gari ya kamo su.

Gyaran kuwa sai da bayanan ma'aunin ruwa na shekaru, abin da ya yi mana ƙaranci. Palmer ya koma Oxford a matsayin farfesa a 2010, kuma yana kira ƙasashe su haɗa kuɗi su gina cibiya ɗaya irin CERN (cibiyar binciken kimiyya ta haɗin gwiwar ƙasashen Turai), mai kwamfutar da za ta rage gidajen nan zuwa wajen kilomita 1.

Manomin Tudu:

Yauwa yaro, yanzu ka yi magana,
Da ka ɓoye, da ban yafe ba.

Zancen teku na karɓe shi,
Don bai ɗora mini laifi ba.

'Yata, lissafinki na goma,
Na ji, amma ban ga mai ƙirga ba.

Rediyo kan ce za a yi ruwa,
Ba ta taɓa ce mini kashi nawa ba.

In ma'auni ne ya yi ƙaranci,
Ai ba mu ce ba ma so ba.

A kawo ɗaya a kafa a gonata,
Ni ban iya boko sosai ba,

Amma jikana na aji biyar,
Lamba ba ta gagare shi ba.

Ya karanta da safe, ya tura ta waya,
Wa zai karɓa? Ba ku faɗa ba.