Shawarwari kan mayar da littafin nadama da gafara wasan kwaikwayo a coci

Da aka tattauna yadda za a mayar da littafin wasan kwaikwayo, inda aka fi daɗewa shi ne yadda za a nuna nadamar mai laifi a cikin labarin. A zuci take: littafi kan ɗauki shafuka yana bayyana ta, dandali kuwa ba shi da wannan dama. Wasu suka ce a ba shi amini ko fasto da zai riƙa faɗa wa cikinsa, wasu suka ce a bar shiru ya yi aikinsa. Na fi karkata ga na biyun, don doguwar magana takan rikiɗe wa'azi.

Kada kuma a gaggauta gafarar. Ko ɓataccen ɗan nan na Luka 15 a Littafi Mai Tsarki sai da yunwa ta gasa shi kafin ya tuna gida.

Izinin mai haƙƙin mallakar littafin, a nema tun kafin a fara gwaji.