Neman sunan Hausa ga ƙananan kwamfutoci irin su Raspberry Pi

Malama Hadiza, Agege: Assalamu alaikum. Ranar Asabar zan fara koya wa matasan unguwarmu aiki da Raspberry Pi, kuma dole takardun darasin su isa wurin mai bugawa kafin Juma'a. Kwamfuta ce sukutum a kan faranti guda mai girman katin ATM, wadda sai an jona mata allo da madannai, kuma a katin memori manhajarta take zama. A Cambridge ta Ingila aka ƙirƙiro ta domin koyar da yara, ta shiga kasuwa a 2012 kan dala 35. Sunan jinsin gaba ɗaya nake nema, domin akwai wasu kamfanonin da ke ƙera irinta.

Usman, Ikeja: Wa alaikumus salam, Malama. Mu masu gyara a Computer Village, kasuwar kwamfutoci da wayoyi ta Ikeja, fanel muke kiran farantin, don haka ina ganin "kwamfuta mai fanel ɗaya" ya wadatar. Ki guji "mai allo ɗaya", domin duk wanda ya ji zai ɗauka allon kallo ake nufi.

Malam Bello, Idi-Araba: Kalma biyu a cikin sunan nan duk aro ne, alhali muna da "na'ura mai ƙwaƙwalwa" tun tuni. Ni shawarata a ce "ƙwaƙwalwar aljihu". Da wannan sakaci na aro ne Hausar Legas ta lalace, har 'ya'yanmu suke jin kunyar magana idan sun je Kano.

Usman, Ikeja: Allah ya gafarta Malam, a Kanon ma kwamfuta ake cewa, kuma mota da asibiti da makaranta ba wanda ya taɓa korar su daga Hausa. Ba daidai ba ne a riƙa ɗora wa mazauna Legas laifin abin da kowa yake yi.

Malam Bello, Idi-Araba: Waɗancan sun shekara aru-aru ko kusa da haka a bakin mutane, Usman. Fanel kuwa maganar rumfa ce, ba ta cancanci shiga takardar darasi ba.

Injiniya Rabi, Obalende: Baba Malam, a yi haƙuri, "ƙwaƙwalwar aljihu" ya fi dacewa da wayar salula. Wannan aba ba a yawo da ita. Ana kafa ta ne wuri guda, a haɗa wayoyi da ƙusoshinta 40, wato siraran ƙarafan da ke tsaye a jikinta, domin ta kunna famfo ko fitila, ko kuma a liƙa ta bayan talabijin ta zama kwamfutar gida, kuma wuta kaɗan take ci, abin da ya sa ta dace da masu sola. Sunan ya kamata ya nuna cewa komai nata a wuri ɗaya yake, sannan ya bambanta ta da ƙananan na'urorin Arduino na asali, masu sarrafa kayan lantarki, waɗanda ba sa ɗaukar Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da Raspberry Pi. Tunda Malama da bakinta ta ce faranti, me zai hana a ce "kwamfuta mai faranti ɗaya"?

Malam Bello, Idi-Araba: Faranti na yarda da shi, domin ya daɗe da zama namu. Kwamfuta ce dai har yanzu ban aminta da ita ba.

Malama Hadiza, Agege: Na gode ƙwarai. Zan buga "kwamfuta mai faranti ɗaya" a kan takardun, in ambaci "na'ura mai ƙwaƙwalwa" sau ɗaya a gabatarwa saboda Malam. Saura sunan ƙusoshin nan 40, wanda shi ma nake buƙata kafin Juma'a.